A cika mudu kafin a yi kyauta: abin da Kano ke bin kamfanonin fasaha

Da zarar azumi ya kama, ko lokacin komawa makaranta ya ƙarato, sai ka ga kamfanonin waya da na hada-hadar kuɗi ta intanet sun shigo Kano da hidima. Wannan ya kai buhunan shinkafa gidan marayu, wancan ya sauke kwamfutoci a wata sakandare, a kira hakimi da 'yan jarida, a ɗauki hoto, a yi addu'a, a watse. Ban raina wannan ba. Wanda ya sha ruwa da abincin nan shi ya san daɗinsa, wanda ya bayar kuma Allah ya saka masa. Abin da ke damuna shi ne mun bari an sauya mana ma'anar alhakin da ke wuyan kamfani, har mu ma mun soma ɗauka cewa kyautar ita ce alhakin.

A Dawanau, in aka san mutum da tauye mudu, ba wanda zai wanke shi don ya haƙa rijiya a unguwarsu. Sai ya gyara awonsa tukuna ake duban alherinsa, kuma akwai sura guda a Alƙur'ani da ta buɗe da gargaɗi mai tsanani ga masu tauye awo. Kamfanin fasaha ma yana da mudunsa. Na kamfanin waya shi ne data da mintunan da ka biya, da sabis ɗin da zai fitar da kiranka a daren da ake neman mota don kai mai naƙuda asibiti. Na kamfanin POS shi ne kuɗin da suka fita daga asusunka su isa inda ka tura, ko su dawo kafin ciniki ya kuɓuce maka. Na mai manhajar ba da bashi shi ne ya faɗa maka ainihin abin da za ka biya, ya kuma rufa maka asiri. A ganina alhakin kamfani ga jama'a daga nan yake farawa, kuma wannan ɓangaren ne ke taɓa ribar kamfanin kai tsaye. Kyauta tana da gurbinta, amma a baya take zuwa.

Muhawarar ta daɗe. Tun 1970 masanin tattalin arziki na Amurka, Milton Friedman, ya ce alhakin kamfani ɗaya ne, ya ƙara riba muddin bai karya ƙa'ida ba kuma bai yi yaudara ba, sannan manajan da ya ɗebi kuɗin masu hannun jari ya yi kyauta da su, da dukiyar wasu yake alheri. Daga baya masu bincike suka yi ta auna lamarin. Wani nazari da aka fitar a 2015, wanda ya tattara sakamakon bincike sama da 2,000, ya gano cewa a kusan kashi 90 cikin 100 nasu, kula da muhalli da jama'a da tsaftar shugabanci bai rage wa kamfani riba ba, a mafi yawansu ma alaƙar mai kyau ce. Sai dai kada a yi saurin tafi. Akwai tambayar da ta daɗe tana ba masu binciken wahala: alherin ne ya kawo riba, ko kuwa kamfanin da ya riga ya ƙoshi ne yake da rarar da zai yi alheri? A fahimtata lissafin yana cakuɗewa ne saboda ana haɗa abubuwa biyu da ba jinsi ɗaya ba, rabon kaya na yini guda da gyaran hali a cikin sana'ar kanta. In aka raba su, nan da nan za a ga wanne ne ke motsa kuɗi.

Dubi abin da sakaci ya jawo a ƙasar nan. A Oktoban 2015 hukumar sadarwa ta NCC ta ci MTN tarar naira tiriliyan 1.04, wato naira 200,000 a kan kowane layi, saboda bai katse layuka sama da miliyan 5 da rajistarsu ba ta cika ba. Bayan doguwar tattaunawa aka tsaya a naira biliyan 330 a 2016, shugaban uwar kamfanin a Afirka ta Kudu kuma ya ajiye muƙaminsa tun rikicin yana ɗanye. A lokacin kamfanin yana da gidauniyarsa tun 2004, wadda yake ware wa har kashi 1 cikin 100 na ribar da ta rage bayan haraji, kuma ta yi ayyuka na gaske a asibitoci da makarantu. Amma ayyukan nan ba su tare masa tarar ba. Rajistar layi a yankinmu maganar rai ce, don mun san abin da layin da ba a san mai shi ba yake aikatawa a hannun mai garkuwa da mutane. A 2024 hukumar kare masu sayen kaya ta FCCPC ta ci Meta, mai Facebook da WhatsApp, tarar dala miliyan 220 kan yadda yake sarrafa bayanan 'yan Najeriya. A Afrilun shekarar kuma Babban Banki ya dakatar da OPay da PalmPay da Kuda da Moniepoint daga buɗe wa sababbin mutane asusu na tsawon makonni, sai da suka ƙara tsaurara tantance masu asusu. Kamfanin da darajarsa a idon masu zuba jari ta rataya ga yawan sababbin kwastomomi, makonnin nan ba ƙaramar asara ba ce gare shi. Duk cikinsu babu wanda aka hukunta don bai yi rabon azumi ba.

Bari in daɗe a kan POS, don a nan ne yawancin Kanawa ke haɗuwa da kamfanin fasaha gaba da gaba. Tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023, daga Kantin Kwari zuwa Singa, daga mai shayi zuwa ɗan adaidaita sahu, kati da tiransfa sun zama kuɗin hannu. Ga yadda matsalar take faruwa. Kwastoma ya sa kati ya danna lambar sirri. Saƙo ya tashi daga na'urar zuwa kamfanin da ya ba da ita, ya bi ta cibiyar da ke haɗa bankuna, ya isa bankin mai katin. Bankin ya cire kuɗin ya mayar da amsa. In amsar ta makara a hanya, saboda sabis ya yi rauni ko wata na'ura a tsakiya ta cunkushe, sai POS ta gaji da jira ta buga rasit cewa cinikin bai tafi ba. Kwastoma ga alat na cire kuɗi a wayarsa, mai POS ga rasit na ƙin karɓa a hannunsa, kowa da gaskiyarsa. Ƙa'ida ita ce na'urar ta aika saƙon sokewa nan take, kuɗin su koma inda suka fito. In shi ma wannan saƙon ya ɓata, sai mai katin ya kai ƙorafi bankinsa da rasit ɗin, saboda lambar cinikin da ke jiki ita ake bi. Tun 2020 Babban Banki ya ce a warware irin wannan cikin sa'o'i 72. Duk wanda ya san kasuwa ya san sau da yawa ana wuce haka.

Wa ke shan rigimar? Yaron da ke zaune ƙarƙashin lema da ɗan tebur da jakar kuɗi a ƙugu. Shi ake ci wa kwala, wani lokaci har a kai shi caji ofis, a kan kuɗin da ba su taɓa shiga hannunsa ba. Shi ya sa aka daɗe ana ganin na'ura biyu ko uku a teburinsa, na kamfanoni daban-daban. Wadda ba ta ba shi kunya ita yake miƙawa, sauran suna cikin aljihun tebur suna jiran ranar da ta farkon ta ƙi. Kamfanin da na'urarsa ke kwance a aljihun tebur ya kashe kuɗin sayenta, ya biya wanda ya kawo ejan ɗin, amma ko kwabo ba ya samu. Yanzu da Babban Banki ya fitar da ƙa'ida a ƙarshen 2025 cewa kowane ejan ya tsaya ga kamfani guda, wanda aka saba kunyata shi da na'urarka sallamarka zai yi gaba ɗaya.

Gyaran ba boyayye ba ne. A nuna wa ejan a fuskar na'urar wane banki ne ke da matsala a wannan sa'ar, kafin a sa kati, don ya ce wa kwastoma ya kawo wani katin ko ya ɗan jinkirta. A ba shi hanyar shigar da ƙorafi daga na'urar kanta, lambar ƙorafin ta je wayar kwastoma ta saƙon tes, domin rigimar ta tashi daga kan yaron ta koma kan masu ita. In asusun da aka cire kuɗin na kamfanin ne, ya ga cirewar da idonsa a bayanansa, to ya mayar da ƙananan kuɗi nan take daga wani asusu da ya ware don haka, ya bi sahun nasa daga baya. Mai sayar da awara da naira 15,000 ta maƙale mata, jarin yininta ne gaba ɗaya, shi kuwa kamfanin ba zai ji a jikinsa ba. Sannan duk wata ya bayyana wa jama'a ciniki nawa ya maƙale, nawa ya dawo cikin sa'o'i 72, nawa ya wuce. Kamfanin da ya yarda ya fitar da wannan adadi ya ɗaure kansa ga gyara, kuma ƙungiyoyin masu POS suna da damar neman sa.

Manhajojin ba da bashi sun nuna mana inda rashin kunya ke kai kasuwa. Ka sauke manhaja, ta nemi izinin ganin lambobin da ke wayarka da hotunanka, ka danna amincewa don kana cikin matsi. Ka makara da biya kwana biyu, sai saƙo ya isa ga surukinka da limamin unguwarku da maigidanka a kasuwa cewa kai macuci ne. A 2021 hukumar bunƙasa fasahar zamani ta NITDA ta ci kamfanin Soko Lending tarar naira miliyan 10 kan keta sirrin masu karɓar bashi, a 2022 FCCPC ta kai samame ofisoshin wasu daga cikinsu a Legas ta kuma tilasta musu rajista, a 2023 Google ya hana irin waɗannan manhajoji taɓa lambobi da hotunan mutane, a shekarar ne kuma aka sa hannu kan dokar kare bayanan 'yan Najeriya. A garin da ake ba mutum kayan miliyoyi a Kwari bisa sunan mahaifinsa kawai, tozarci yana iya dawo da bashi guda, amma ya rufe wa kamfanin unguwa sukutum, har da masu gaskiyar da ke sana'a ɗaya da shi. Ga kuma batun kuɗin ruwa, wanda jama'a da yawa a nan ba za su kusanta ba ko da suna cikin buƙata. Da bankin Jaiz, wanda ba ya mu'amala da kuɗin ruwa, ya fara aiki a 2012, Kano na cikin garuruwa uku da ya fara buɗe reshe, kuma ba bisa kuskure ba. Kamfanin da zai sayar da waya ko sola a biya sannu a hankali bisa tsarin murabaha, farashi a bayyane tun ranar farko, babu ƙarin da ke hauhawa in an makara, ya girmama imanin mutane kuma ya buɗe wa kansa ƙofar da abokan gasarsa suka bari a rufe.

Haka batun harshe. Kamfani ya ce yana hidima ga Arewa, amma sharuɗɗansa da saƙonnin gargaɗinsa kan 'yan damfara duk da Turanci suke. Wanda ya yi yunƙurin Hausa kuma sai ya ba na'ura ta fassara, ya fito da abin da ba Bahaushen da zai gane. Akwai ma wani ƙaramin cikas da injiniyoyi suka sani: saƙon tes guda yana ɗaukar harafi 160, amma da zarar ƙ ko ɗ ko ɓ ta shiga, sai ya koma 70, kuɗin aikawa ya ninka. Don haka ake zubar da lanƙwasar haruffan. Wannan ba laifi ba ne in an sa wanda ya iya Hausa ya zaɓi kalmomin da ba za su rikita ba, amma hanyar da ta fi ita ce murya, a kira mutum ko a tura masa saƙon sauti, tunda ba kowa ke karanta boko ba. Wajen buɗe asusu ma akwai tarnaƙi irin namu. Sunan mutum Muhammadu a BVN, Mohammed a NIN, sai na'ura ta ce mutum biyu ne. Manomi ko marini da zanen yatsunsa ya goge, ko matar da ta sha lalle, na'urar ɗaukar yatsa ta ƙi su. Matar aure da ba za ta je ta tsaya a rumfar maza a ɗauki hoton fuskarta ba, sai an sami ejan mace da za ta shiga gida. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan kwastoma ne da ya zo da kuɗinsa aka mayar da shi. Gyara tsarin daidaita sunaye da ɗaukar mata ejan adalci ne, kuma ciniki ne.

Wanda yake shakkar cewa lura da mutane tana biya, ya dubi wayar da ke aljihunsa. Kamfanin Transsion na China, mai Tecno da Infinix da itel, ya zama kan gaba wajen sayar da waya a Afirka ne da abubuwan da manyan kamfanoni suka raina: gurbin layi biyu, batir mai jure rashin wuta, kyamarar da ke fitar da baƙar fata yadda take, da harsunan gida har da Hausa. A Kenya, M-Pesa, tsarin tura kuɗi ta waya da kamfanin sadarwa na Safaricom ya fara a 2007, ya zama ɗaya daga cikin manyan hanyoyin samun kuɗin kamfanin, wani bincike da aka wallafa a 2016 kuma ya ƙiyasta cewa ya fitar da gidaje kusan 194,000 daga ƙangin talauci. Ba ta ofishin kyauta amfanin ya bi ba, ta cikin hajar ya bi.

To, in an zo kan kyautar, a yi ta yadda za ta rayu. Ɗakin kwamfuta na makaranta shi ne kyautar da kamfanonin fasaha suka fi so, kuma shi ne ya fi saurin mutuwa, don ana sayen kaya ne ba a sayi abin da zai riƙe su ba. A ɗauki ɗaki mai kwamfutar tafi-da-gidanka 40. Kowace tana jan kamar wat 45, jimla 1,800. A ƙara fankoki shida da fitilu da na'urar haska darasi da ta intanet, an doshi kilowat 3. In za a yi aiki sa'a shida a yini, ana buƙatar kimanin kilowat-awa 18. Ranar Kano tana ba da kamar sa'a biyar da rabi ta cikakken ƙarfi, kuma kusan kashi ɗaya cikin huɗu yana salwanta a zafi da ƙura da wayoyi, don haka ana neman farantan sola na kusan kilowat 5, a ce guda goma masu wat 500, da inbata mai kVA 5, da batirin litiyom na kamar kilowat-awa 10 don safiya da ranar hazo. In kwamfutocin tebur aka kawo, kowace da allonta tana iya jan wat 150, lissafin ya ninka har ya wuce. Ɗan kwangilar da bai yi wannan lissafi ba shi ne zai kafa faranti huɗu da batura biyu, wuta ta ɗauke kafin ƙarfe sha ɗaya.

Batir shi ne inda aka fi yin asara. Batirin ruwa mai darma an ƙiyasta rayuwarsa ne a zafin digiri 25, kuma duk ƙarin kamar digiri 10 yana rage ta da rabi. A watan Afrilu Kano tana haura 40, ballantana a ɗan ɗakin da ba taga aka rufe da kwano. In aka haɗa da rashin ƙara masa ruwan batir da zuƙe shi har ƙasa kullum, ba zai yi nisa ba. Hunturu kuma yana lulluɓe farantan da ƙura, in ba a sa wanda zai wanke su duk mako da sassafe ba, ƙarfinsu ya ragu, ƙurar kuma ta toshe fankar cikin kwamfutocin su riƙa zafi suna mutuwa. Sai matsalolin da ba na ƙarfe ba. Datar da aka saya ta wata uku ce, ta ƙare. Ɗan kwangila ya tafi da kalmar sirrin shiga na'urorin. Malami ɗaya tak aka horar, ma'aikata ta yi masa canjin wurin aiki. Shugaban makaranta kuwa shi ya sa hannu ya karɓi kayan, ya san in ɗaya ta ɓata shi za a tuhuma, sai ya kulle ɗakin ya ajiye mabuɗi, a buɗe ranar da baƙi za su zo. Ba mugunta ba ce, tsoro ne, kuma wanda ya tsara kyautar ne bai cire masa tsoron ba. Ƙasar Peru ta raba wa 'yan firamare ɗaruruwan dubban kwamfutoci, binciken da aka yi daga baya bai ga wani ci gaba a sakamakon lissafi da na harshe ba, don na'ura ba ta koyarwa ita kaɗai.

Shawarata ita ce a kowace naira 100, kada kaya su ci fiye da 60, sauran a ajiye su don tafiyar da ɗakin shekara uku. Gara kwamfuta 25 masu aiki da 40 a kulle. A ɗauki mai gyara na cikin gari da zai zo duk wata a biya shi. A horar da malamai aƙalla biyu, a nemi ma'aikatar ilimi ta rubuta cewa ba za a ɗauke su lokaci guda ba. A zuba darussa da tsofaffin tambayoyin jarrabawa a wata kwamfuta guda da sauran za su ɗebo daga gare ta ko babu intanet. A buɗe ɗakin da yamma da ranakun hutu ga matasan unguwa a kan ɗan kuɗi kaɗan, musamman masu shirin JAMB, wadda tun 2015 da kwamfuta kaɗai ake rubuta ta, kuɗin su shiga asusun gyara. A rubuta yarjejeniya da ta faɗi wanda zai sauya batir, wanda zai biya data, da cewa lalacewar aiki ba laifin shugaban makaranta ba ce, a ajiye kwafi wajen ƙungiyar iyaye da malamai. Abin aunawa shi ne sa'o'i nawa yara suka zauna gaban na'ura a zangon karatu, da kwamfuta nawa ke kunnuwa bayan shekara. Gaskiya ribar da kamfani zai samu daga irin wannan tana da nisa kuma ba ta da yawa. A yi shi don ya dace, a daina yi wa masu hannun jari alkawarin da ba haka ba.

Inda kyauta da riba suke haɗuwa da wuri shi ne horon da ke ƙarewa da aiki. Taron kwana biyu a otal da takardar shaida ba ya mayar da kowa ma'aikaci. Ga kasuwar waya ta Farm Centre, wadda ta sha gobara a 2025, ga ta titin Beirut, cike da matasan da suka koyi gyara da ido da hannu. Abin da suka rasa shi ne taswirar allon cikin waya, da kayan gyara na asali, da madubin ƙara girma da na'urar hura zafi mai kyau, da wanda zai zauna da su wata shida ya koya musu bin layin wuta da mita maimakon canza kaya bisa hasashe. Kamfanin wayar da ya yi musu wannan ya sani cewa mai gyara shi ne mutumin da ake tambaya wace waya za a saya, kuma wadda ya san yana iya gyarawa ita zai ambata. Kamfanonin sadarwa su ma suna buƙatar masu haɗa wayar faiba da masu kula da sola a ƙarafan sabis, kuma ga Jami'ar Bayero, ga reshen Digital Bridge Institute na Kano, ga cibiyar fasahar sadarwa ta CITAD, ba sai an fara daga tushe ba. A ƙirga mutum nawa ke cin abinci da sana'ar wata shida bayan kammalawa, a bar ƙirga waɗanda suka halarta.

Ƙarfen sabis da ke tsakiyar unguwa ma yana da haƙƙin maƙwabta a kansa. Janareta yana ruri dare da rana, baƙin mai yana malala cikin kwata, tsofaffin batura kuma a sayar wa 'yan jari-bola, su fasa su da gatari, su zubar da ruwan a ƙasa, a narka darmar a fili inda yara ke wasa. Wanda ya tuna yadda gubar darma daga haƙar zinare ta kashe yara sama da 400 a Zamfara a 2010 ba zai ɗauki wannan da wasa ba. Hukumar kare muhalli ta NESREA tana da ƙa'idoji tun 2011 da suka ɗora wa masu shigo da kayan lantarki alhakin kayansu bayan sun mutu. Kamfani ya riƙe lambar kowane batir, ya mayar da shi ga mai lasisin sarrafawa, ya karɓi shaidar hakan a rubuce. Mayar da ƙarfen kan sola da litiyom kuwa yana rage hayaniya da hayaƙi, yana kuma rage kuɗin dizal, wanda ke cikin mafi nauyin abin da masu ƙarafan ke kashewa.

Akwai masu cewa a yi doka kamar ta Indiya, wadda tun 2014 take tilasta wa manyan kamfanoni kashe kashi 2 cikin 100 na matsakaiciyar ribarsu ta shekara uku kan ayyukan al'umma. Ban goyi baya ba. Dokar NITDA ta 2007 ta ɗora musu kashi 1 na riba kafin haraji don bunƙasa fasaha har zuwa ƙarshen 2025, kuma daga kuɗin da suke biyan NCC ake ciyar da asusun USPF, wanda aikinsa kai sabis inda babu riba. Kafin a ƙara wani kaso, 'yan majalisarmu su tambayi abin da ƙananan hukumomi 44 na jihar nan suka samu daga waɗancan. Sannan duk abin da aka rataya ga riba yana ƙafewa a shekarar da aka fi buƙatarsa. MTN Najeriya ya yi asarar kusan naira biliyan 137 a 2023 da kusan biliyan 400 a 2024 saboda faɗuwar naira, a daidai lokacin da talaka ya fi shan wuya. Mayar da kuɗin da suka maƙale da kare sirrin mutane kuwa ba sa jiran shekarar riba. Abin da ya kamata doka ta tilasta shi ne bayyana adadi, jiha jiha: kira nawa ya yanke, ƙorafi nawa aka warware kuma cikin kwana nawa. Da NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 na kuɗin kira da data a Janairun 2025, da alkawarin inganta sabis aka yi shi, kuma wanda ke biya yana da ikon ganin shaida. Lambar 622 ta kai ƙorafi NCC kyauta ce, haka 2442 ta tsayar da saƙonnin talla, ya kamata limamai da gidajen rediyonmu su riƙa tunatar da mutane.

Mu ma da namu nauyin. Ba za mu nemi sabis mai kyau ba alhali ana sace batura da dizal a ƙarafan sabis, ɗan kwangilar titi kuma yana tsinke wayar faiba da katafila ya wuce abinsa. Waya guda in ta tsinke, unguwanni da dama ne POS ɗinsu zai tsaya, duk abin da na faɗa a sama ya auku sau dubu a yini ɗaya. Gwamnatin tarayya ta ayyana kayan sadarwa cikin muhimman kadarorin ƙasa a 2024, gwamnoni kuma sun amince tun 2020 cewa kuɗin izinin binne waya ya tsaya a naira 145 kowace mita. Abin da ya rage wa gwamnatin jiha aiki ne na ofis. Kafin a ba da kwangilar titi ko gada, ma'aikatar ayyuka ta karɓi taswirar wayoyin da ke ƙasa daga kamfanoni ta miƙa wa ɗan kwangila, a sanar da su makonni kafin a fara haƙa, a rubuta cikin kwangilar cewa wanda ya tsinke shi zai biya. Kuma tunda ana ta aikin tituna a cikin birni, a binne bututun roba a gefen kowane sabon titi tun rami yana buɗe. Ya fi araha nesa ba kusa ba a kan a dawo a fasa kwalta bayan shekara biyu, kuma jiha tana iya ba kamfanoni hayarsa su zura wayoyinsu.